Wai in likita ya ce "aiki", tsaga yaron za a yi? Fashin baƙi kan gyaran karayar yara ta 'yar ƙaramar huda

Duk shekara da bazara in mangwaro ya fara nuna, wanga zancen sai ya dawo sabo a Sakkwato. Yaro ya hau icce ya zamo, ko ya diro daga katanga, ko kabu-kabu ya kwashe shi bakin titi, hannu ya kumbura ya karkace, kafin a gama salati gida ya rabu biyu. Uban na cewa a tafi asibiti, kakar na cewa a aika a kira mai ɗori, wani maƙwabci da ba wanda ya tambaye shi kuma ya sako baki: "Ku dai kada ku kai shi, in sunka ce aiki to tsaga shi za su yi su cusa mai ƙarfe, in abu ya ɓaci kuma su yanke hannun."

To tambayar ita ce, in likitan ƙashi ya ɗaga hoto ya ce yaron ga sai an yi mai aiki, mi yake nufi? Har yanzu irin tsagar nan ce mai tsawon taƙi da ɗinki awa bakin buhu?

Yawanci a'a. Karaya da yawa ta yara yanzu ana gyara ta ba tare da an buɗe wurin da ya karye ba sam, 'yar huda ce ko yanka da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Sai dai wagga hanya tana da wa'adi, kuma wa'adin gajere ne, kuma shi ne mafi yawanmu ba mu sani ba. Ni ma ban sani ba sai bara da na yi jinyar ɗan ƙanwata mai shekara 6, na yi ta tambaya har likitan ya fara dariya in ya hango ni.

Ƙashin yaro daban yake da na babba

Ka karya busasshen kara, ɓas ya rabu biyu. Ka gwada ɗanyen reshen darbejiya, gefe guda ya tsage ɗayan ya lanƙwashe ya ƙi rabuwa. Haka ƙashin yaro yake, har likitoci sunan da sunka ba irin wagga karaya ke nan, karayar ɗanyen icce. Sannan akwai wani tantani mai kauri da ya lulluɓe ƙashin, cike yake da jini, shi ke riƙe guntayen kada su watse kuma daga gare shi sabon ƙashi ke toho. Shi ya sa cinyar jariri ke haɗewa cikin kamar sati 3, ta ɗan firamare sati 6 zuwa 8, ta babba kuwa sai wata 3 zuwa 4 ko fiye.

Abu na biyu, kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi akwai wani faifan guringuntsi, daga nan yaro ke ƙara tsawo, kuma ba ya rufewa sai wajen shekara 14 ga mata, 16 ga maza. In karaya ta ratsa shi ta lalata, ƙafa na iya tsayawa da girma ko ta girma a karkace. Duk dabarar aikin ƙashin yara an gina ta ne kan kauce wa wanga wuri.

Na uku shi ne mai daɗin ji: ƙashin yaro na miƙe kanshi. In ya haɗe da 'yar karkata, musamman kusa da wuyan hannu, shekara ɗaya ko biyu ka sake hoto ka rasa inda ya karye. Amma ba ko'ina ba, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa. Ƙashin da ya haɗe a murɗe ba ya warwarewa. Kuma ƙashin damtse kusan kashi 80 cikin 100 na girmansa daga wajen kafaɗa yake, wajen gwiwar hannu ɗan kaɗan ne, don haka abin da ya haɗe a karkace a gwiwar hannu haka yaro zai girma da shi har ya yi gemu.

Ba kowa ke buƙatar aiki ba

A faɗi wannan da ƙarfi, don wasu na ganin da ka shiga asibiti sai tiyata. Mafi yawan karayar yara siminti kawai ake sawa, filastan nan da ake cewa POP, wata ma ɗan tallafi na sati 3 ya ishe ta. Ƙashin wuya da ke tsakanin kafaɗa da ƙirji in ya karye, rataye hannu a ɗankwali ne maganin. Yaro ƙasa da shekara 5 da ya karya cinya galibi siminti ake zuba mai daga ƙirji har ƙafa, ba a taɓa shi da wuƙa.

Waɗanda ake wa aiki su ne wanda ƙashin ya goce sosai siminti ba zai riƙe ba, wanda karayar ta shiga cikin gaɓa ko faifan girma, wanda ƙashi ya huda fata ya fito, wanda jijiyar jini ta matse, da manyan yara masu karayar cinya.

Wayar gwiwar hannu

Wagga ita ce ta same mu. Yaro ya faɗo ya dafa ƙasa da tafin hannu, ƙarfin ya bi ya karya ƙashin damtse dab da saman gwiwar hannu inda yake da sirantaka. Ita ce karayar gwiwar hannu da ta fi yawa ga yara, an fi ganinta tsakanin shekara 5 zuwa 7. Haɗarinta shi ne babbar jijiyar jini da jijiyoyin da ke motsa yatsu nan gaban wurin suke wucewa, tsinin ƙashin na iya danne su ko ya ji musu.

Da likitan ya ce aiki, ƙanwata ta riƙe rigata ta ce "Yaya, wallahi ban yarda a tsaga min ɗa ba." Shi kuwa ya jawo takarda ya zana mata. Za a sa yaron barci. Likita zai ja hannun ya mai da ƙashin mazauninsa daga waje, da hannunsa kawai, kusan abin da mai ɗori ke ƙoƙarin yi, bambancin shi ne yaron na barci naman jikinsa ya saki, kuma akwai wata na'urar hoto mai siffar baka, su suna ce mata si-am, da ke nuna ƙashin a talabijin nan take cikin ɗakin tiyata. In ya ga ya zauna daidai ta gaba da ta gefe, sai ya soka waya 2 ko 3 ta cikin fata su ratsa karayar su kafe ta. Kaurin wayar bai wuce milimita 2 ba, awa sifok ɗin keke. A lanƙwashe kan a bar shi waje, a rufe da bandeji, a sa rabin siminti. Galibi aikin bai cika kai awa guda ba.

Bayan sati 3 zuwa 4 a zare wayoyin a ɗakin ganin likita, da wani abu kamar filaya, yawanci ko barci ba a sawa. Namu ya fi yin kuka don ganin filayar bisa ga zafin. Tabon da ya rage ɗigo uku ne, shasshawar wanzami ta fi su girma.

Wayar kanta ba sabon abu ba ce, wani likitan Jamus mai suna Martin Kirschner ya fito da ita tun 1909, sunansa ma take ɗauke da shi. Abin da ya canza lamarin shi ne na'urar hoton nan da ta ba likita ido ya ga cikin hannu ba tare da ya buɗe ba.

Ƙusa mai lanƙwasa

Ta cinya da ta sangalin hannu dabararsu daban ce, kuma ni ta fi burge ni. Daga garin Nansi na ƙasar Faransa ta fito, tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, hannun su Jean-Paul Métaizeau da Jean Prévot.

Dogon ƙashi kamar bututu yake, ɓargo ne a ciki. Sai a ɗauko siraran ƙarafa biyu masu tsawo, na taitaniyom ko ƙarfen da ba ya tsatsa, kauri daga milimita 2 zuwa 4 gwargwadon yaron, kowane kamar kashi 40 cikin 100 na faɗin ramin ɓargon. A lanƙwasa su kamar baka. A yi 'yar yanka ta santimita 2 ko 3 a kowane gefe na cinya sama da gwiwa, a sama da faifan girma don kada a taɓa shi, a huda ƙashin, a tura su sama suna bin ramin ɓargo ana kallo a talabijin har su tsallake karayar. Ka ɗauka ka tura tsumagiya biyu cikin gora, ɗaya ta tokare bangon dama ɗaya ta tokare na hagu, kowace na son miƙewa ɗayar na hana ta. Wanga tokarar juna shi ke riƙe ƙashin a miƙe.

Abin mamaki, ba a so su riƙe shi ƙam. Ɗan motsin da ke saura, wanda ido ba ya gani, shi ke zuga tantanin nan ya yi ta fitar da sabon ƙashi. Kuma tunda ba a buɗe wurin karayar ba, gudan jinin da ya taru a wurin yana nan, kuma shi ne harsashin warkewa. A tsohon salo na tsagawa a ɗaura faranti da kusoshi, sai an kwashe shi an kuma ɗaye tantanin.

Wa ta dace da shi? A cinya, yaro daga shekara 5 zuwa kamar 11 wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba. In ya fi haka nauyi ƙarafan na iya lanƙwashewa, haka in ƙashin ya farfashe gutsi-gutsi ba za su hana shi noƙewa ba, sai a nemi wata dabara, misali faranti da ake zurawa ƙarƙashin nama ta ƙananan yanka.

Don ka gane amfaninta sai ka tuna abin da ta maye. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin masu karaya ya ga yaro kwance an rataya wa ƙafarsa nauyi da igiya ta bayan gado, sati bayan sati, fitsari nan kashi nan. Hanyar na aiki, ba a ce ba ta yi ba, har gobe ana yin ta inda babu kayan aiki. Amma ka lissafa uwar da ta baro Illela ko Isa ko Tambuwal ta tare a gindin gado wata guda da wani abu, ta bar sauran ɗiya da kishiya ko kaka, ga kuɗin gado ga na abinci ga zangon karatu ya wuce. Mai ƙusa kuwa kwana kaɗan a sallame shi, ya fara dogara sanda, cikin makonni ya koma aji.

Ba a rasa nono a ruga, matsalolin ma akwai

Kada in zama ɗan talla. Kan ƙusar da ake bari kusa da gwiwa don a samu abin kamawa ranar cirewa yakan sosa nama, yaro ya yi ta ƙorafi in zai durƙusa, ita ce matsalar da ta fi yawa. Ramin waya na iya yin ruwa in an bari ya jiƙe ko ƙura ta shiga, kuma kun san ƙurarmu. In an soka waya ta gefen ciki na gwiwar hannu akwai jijiyar da ke zuwa ƙaramin yatsa, ana iya taɓa ta, shi ya sa likitoci da yawa sun fi son sokawa ta gefen waje. Ƙusar cinya sai an sake sa barci a cire ta bayan wata 6 zuwa shekara, wato aiki biyu ke nan, kuɗi biyu. Cinyar da ta karye kuma takan ɗan fi ɗayar tsawo da kamar santimita guda saboda jinin da ya ƙaru a wurin, ko an yi aiki ko ba a yi ba.

Sai babbar matsalar tamu ta nan: kayan aiki. In babu na'urar hoton nan, ko akwai ta ta lalace, ko wuta ta ɗauke ba janareta, to wanga salo ba ya yiwuwa yadda ya kamata, dole likita ya buɗe ya gani da idonsa. A Sakkwato masu karaya na zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da asibitin ƙwararru, da asibitin ƙashi na Wamakko, wasu har Dala a Kano. Ko'ina ka je ba laifi ba ne ka tambaya da ladabi, Likita ta huda za a yi ko buɗewa, kuma mi ya sa? Ka tambayi kuɗin ƙarfen da na cirewa tun farko, in kana da inshorar lafiya ka tambaya mi ta ɗauke.

Su kuma zantukan majalisa, wai ƙarfen na tsatsa a jiki, wai yana jawo tsawa da damina, wai yaro ba zai ƙara tsawo ba, ba ko ɗaya. Hasken hoton da ake yi lokacin aikin ma kaɗan ne, ma'aikatan da ke shan shi kullum su ne ke sa rigar dalma.

Mai ɗori da zancen yanke hannu

A yi adalci. Mutane ba wawaye ba ne da suke zuwa wurin mai ɗori. Yana kusa, ya san gidanku, ya gaji sana'ar daga kakanni, zai karɓi abin da ya sawwaƙa ko ya jira kaka, zai yi addu'a ya tofa, ba layi ba yankar kati. Kuma yara da yawa sun warke a hannunsa, tunda kamar yadda na ce ƙashin yaro ko an bar shi zai haɗe. Matsalar ita ce ba ya ganin ciki. Karayar da za ta warke ko ba kowa da wadda ta danne jijiyar jini, daga waje kumburi guda ne.

Ga yadda ɓarnar ke faruwa. Hannun da ya karye yau bai gama kumbura ba, yana ci gaba kwana 2 zuwa 3. In anka jera kara anka ɗaure tamau da tsumma, kumburin ba ya da wurin zuwa sai ciki, ya matse jijiyoyi, jini ya daina isa naman. Nama ba ya jure rashin jini fiye da awa 6 zuwa 8. Yaro na ihu ana cewa ɗori ne ke kamawa, ka yi haƙuri, namiji ba ya raki. In ya yi sa'a naman ya mutu ya ƙanƙance, yatsu su ƙandare awa ƙafar kaza, abin da wani likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana tun 1881 sanadin ɗauri mai tsanani. In bai yi sa'a ba hannun ya yi baƙi ya fara wari. A sannan ne ake ɗaukarsa a guje zuwa asibiti, likita ya ga in bai yanke ba gubar za ta kashe yaron, ya yanke, a dawo unguwa a ce ai mun faɗa muku, asibiti yankewa suke. Ba wanda ke ƙirga kwanakin da hannun ya yi a ɗaure kafin nan.

Simintin asibiti ma in ya matse haka zai yi, shi ya sa da fari rabi ake sawa a bar wa kumburi hanya. Ko ɗori ne ko siminti, in ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, in ka ɗan miƙe mai yatsu ya ƙwalla ƙara, in yatsun sun yi sanyi ko fari ko ya ce ba ya jin su, ba a jiran gari ya waye, a kwance a tafi.

Wa'adin da na ce

Saurin warkewar yaro shi ne alherinsa, shi ne kuma ke rufe ƙofa. Cikin sati guda zuwa kwana 10 sabon ƙashi ya fara danƙo tsakanin guntayen, kafin sati 2 zuwa 3 ya kama. Daga nan duk ƙwarewar likita ba zai iya jan hannu daga waje ya mai da shi ba, ƙashin ya riga ya manne a inda bai dace ba. Sai dai ya tsaga ya ɓanɓare, ko a bari ya warke a karkace daga baya a sake sare ƙashin a miƙe shi, aiki babba da faranti da dogon tabo. Wato wanda ya ce bari mu fara gwada na gida sati biyu in bai yi ba mu je asibiti, don tsoron tsaga, shi ne ya sayo wa ɗansa tsagar da kuɗinsa. Wanda ya je ran da abin ya faru shi ke samun ta huda.

Kafin ku isa, a tallafe hannun da kwali a naɗe sako-sako yadda yake, kada a ja kada a murɗa. Kada a ba shi abinci ko fura don lallashi, saboda in za a sa barci ana son ciki ya yi awa 6 ba abinci, ƙwaryar fura guda na iya ɗage aikin. In ƙashi ya huda fata a rufe da tsumma mai tsabta, ba toka ba ƙasa ba garin magani, wannan na buƙatar wanki a tiyata da allurar tetanos da maganin ƙwayoyin cuta cikin gaggawa. In yaron mai sikila ne a faɗa tun a bakin ƙofa.

Bayan an zare waya

Ran da anka cire wa namu siminti hannun ya fito siriri, fata na saɓa, gwiwar ta ƙi miƙewa ta ƙi lanƙwashewa sosai. Inna ta ce to yanzu aikinmu ne, a kawo man shanu a yi tausa safe da yamma, a riƙa ba shi bokitin ruwa yana ɗauka don nauyi ya ja hannun ya miƙe. Da munka koma na faɗa wa likitan a gabanta, ya ce "Hajiya don Allah ku rufa min asiri, kada wanda ya ja hannun ga, ku bar shi ya yi wasanshi." Ashe tausa da ƙarfi da jan gwiwar hannun da ta ji rauni na iya sa ƙashi ya tsiro cikin nama, gaɓar ta daskare gaba ɗaya. Yaro da kansa yake warware gwiwarsa, wajen kai loma baki da sa riga da jifa, yawanci cikin sati 6 zuwa wata 3 motsin ya dawo.

Inna ba ta gamsu ba, har yau tana cewa da an bar ta da man shanunta da ya fi sauri. Shi kuwa gogan, wata biyu bayan nan uwar ta kira ni a waya tana faɗa, wai in zo in yi mai magana, ta kama shi bisa katangar nan dai.